Barcin da Aka Sa Inna

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mu nan sai godiya. Baban yara yana gaishe ki. Ƙaramar ta yi mura ta warke. Ni kuma ciwon bayan nan ne dai da keken ɗinki ya bar min.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Idan na kira ki kina ɗakin tiyata, idan kuma kika kira, kafin in ce uffan Inna ta fizge wayar tana “'yata, 'yata”. Maganar nan kuwa ba a gabanta zan yi ba.

Ƙullutun da ta ce miki maruru ne, ba maruru ba ne. Ni na gani da idona ranar da nake gwada mata riga, na ja ta asibiti tana zagina tun daga ƙofar gida har layin karɓar kati. An ɗebi ɗan nama an auna. Ciwon daji ne a mamanta na hagu, kuma likitan fiɗa ya ce cirewa za a yi, ba da jimawa ba.

An kawo mata takardar yarda ta sa hannu, ta tura ta gefe. Wai ita ba mai sa ta barci sai 'yarta ta yi magana, tunda aikin 'yarta ke nan, sa mutane barci a yi musu tiyata. Nas ɗin ta waiwayo ta dube ni ta ce, “To ga 'yar taki, ta yi magana mana.” Inna ta ce, “A'a, wannan tela ce. Ɗayar nake nufi.”

Ni ce dai ta haifa. Ke kakarki da kakata ne 'yan wa da ƙani, aka kawo ki gidanmu da kayanki a leda, na matsa miki a katifata. Ban taɓa goranta miki ba, yau ma ba gori nake ba. Ina faɗa miki ne don ki san yadda na tsaya a gaban mutane da jakar magunguna a hannu kamar 'yar aiki.

Wata mata a layin asibiti ta tsorata ta, ta ce wai irin maganin barcin da aka yi wa mutum shi ke sa ciwon ya dawo ko kada ya dawo. Tun daga nan ba ta da zance sai wannan. Ki rubuto abin da kika sani, dalla-dalla yadda tela za ta gane. Direban da ya kawo miki wannan zai karɓi amsa idan zai juyo.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Ki gaida Baban yara da yara. Bayanki kuma ki riƙa miƙewa daga keken kina ɗan zagayawa, kada ki bari sai ya ƙage.

Na karanta a tsaye a bakin ɗakin canza kaya, sai da na nemi wuri na zauna. Yaya, sau nawa muka yi waya da Inna tun da aka gano? Kullum “lafiya lau” take ce min. Ashe kowa a gidan ya sani sai ni.

Ga abin da kika tambaya. Hanya biyu ake sa mutum barcin tiyata. Akwai iska da yake shaƙa har a gama aikin. Akwai kuma wani farin ruwa kamar madara da na'ura ke turawa ta jijiya a hankali a hankali. Wani lokaci ana haɗawa da allurar da ke kashe zafi a gefen ƙirji, don a rage magunguna masu ƙarfi.

Maganar matar nan tana da tushe, amma ba ta kai inda ta kai ta ba. Lokacin da ake yanka, wasu ƙwayoyin ciwon kan ɓalle su shiga jini, garkuwar jiki ce ke bin su ta kashe. An yi zaton iskar tana ɗan raunana garkuwar, shi kuwa na jijiyar ba ya yi. Da aka duba tsofaffin bayanan marasa lafiya, wasu sun ga kamar waɗanda aka yi wa na jijiya ciwon bai cika dawo musu ba. Amma da aka yi babban gwaji, aka raba mata masu irin ciwon Inna gida biyu aka bi su shekaru, ba a ga bambanci ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne girman ciwon, da irinsa, da ko ya riga ya taɓa kaluluwar hammata, da kuma bin magani bayan aiki.

Ki nemi ganin likitan barcin kafin ranar. Ki tambaye shi ko zai iya na jijiya. Da ni ce a wurin, shi zan zaɓa mata. Amma shi ne ya auna zuciyarta, shi ya san kayan aikinsa, abin da ya ce ku bi. Ki ce wa Inna na ce ta sa hannu.

Na nemi hutu an hana ni, mu biyu ne kawai a sashen yanzu. Na gaya wa Inna a waya, sai ta ce in yi zamana, ai Yayata tana nan. Ko “ki yi ƙoƙari” ba ta ce ba.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Mu nan da sauƙi. An yi aikin, an sallame mu, ciwon yana kamewa. Har yanzu ba ta iya ɗaga hannun sama, ni ke sa mata riga, ni ke tsiyaye robar da ruwan ciwon ke taruwa a ciki. Na ɗinka mata riguna masu maɓalli a gaba. Ta ce wuyan ya yi faɗi.

Na ga likitan barcin kamar yadda kika ce. Dattijo ne mai furfura, ya ja min kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya san zancen, ya karanta. Amma na'urarsu ta tura maganin jijiya tana tsayawa ba sallama, kuma ba su da abin auna zurfin barci da ake haɗa ta da shi. Da iska kuwa yana ganin adadin da ke shiga da fita a kowane numfashi. Ya ce, “Baiwar Allah, ba zan ɗauki abin da ba ni da tabbas a kansa in bar wanda na tabbata ba. Da mahaifiyata ce haka zan yi mata a ɗakin nan.” Na yarda da shi. Aka yi mata da iska, ya kuma yi mata allurar gefen ƙirjin.

Tun da aka tura ta ciki ina kan benci a baranda, takalmanta a cinyata. Da aka fito da ita na riƙe mata hannu. Ta buɗe ido, bakinta a bushe, maganar farko da ta fito ita ce, “Likita ta kira?” Ta biyu, “An yi min irin wanda ta ce?” Na ce a'a, na yi mata bayani. Sai ta juyar da kai bango.

Takardarki kuma ba ni kaɗai na karanta ba. Inna ta lalubo ta a aljihun jakata ta ba matar Kawu ta karanta mata. Kin san matar Kawu, duk dogon bayaninki ta tsallake, layi ɗaya ta riƙe: “Da ni ce a wurin.” Ni ma shi ya tsaya min a wuya. Na gane. Da ke ce a wurin da an yi daidai. To ba ke ce a wurin ba, ni ce.

Sakamakon naman da aka cire ya fito, na sa miki kwafi a ciki. Za a fara mata ƙarin ruwan maganin daji, daga baya a gasa wurin da na'ura.

Yayarki.

*

Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na san kina lafiya, tunda ina jin muryarki a wayar Inna. Ni dai sama da shekara ke nan ban ga amsar takardata ba. Na ce ko fushi kika yi don ba a bi maganarki ba, sai na kama kaina.

Mu ba lafiya ba. Ya dawo.

Ta fara kukan ƙugu, muka ce sanyi ne. Na yi ta gasa mata da tawul. Da ta kasa tashi daga sallah sai da na kama ta, na mai da ita asibiti. An ɗauki hoto. Yana ƙashin baya da na ƙugu. Sun ce yanzu ba zancen warkewa ake ba, zancen rage zafi ne da jan lokaci.

Duk wanda ya shigo dubiya, Inna sai ta ce masa, “Ai da an bi maganar 'yata Likita da ba haka ba.” A gabana, ina durƙushe ina matsa mata ƙafa. Matar Kawu ta ɗauka ta zagaya dangi da shi. Yanzu abin da ake faɗa shi ne wai baƙin ciki ne ya sa na hana a yi mata na jijiya, don kada a ce ke kika ceci Inna. Wata mai kawo min ɗinki ta zo karɓar kayanta, tana ninkewa tana ce min, “Allah ya raba mu da hassadar 'yan'uwa.” Ban san lokacin da na ce ta fita min daga shago ba.

Hassada kam ina yi, ba zan rantse ba. Gashinta da ya zube ni na share. Aman da ta yi ni na kwashe. Na rufe shago har masu kawo ɗinki suka koma wani wuri. Ke kuwa hotonki da farar riga yana rataye saman gadonta, kullum sai ta sa na goge masa ƙura. Amma in kashe uwata don haushinki? Haba!

Abin da ke cina ba maganar mutane ba ne. Idan ina zaune a kan keke sai in ji ƙafata ta tsaya, ina tambayar kaina: da na nace fa? Da na ce a kai ta wani asibitin mai na'ura mai kyau fa? Ke kika ce da ke ce shi za ki zaɓa. Ba za ki zaɓa a banza ba.

Ki gaya min gaskiya, kada ki lallashe ni. Iskar nan ce ta dawo da shi?

Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya ba tun da na karanta. Allah ya ba Inna sauƙi, ya ba ki ladan abin da kike yi.

Na amsa waccan takardar, Yaya, a makon da ta iso. Direban ya bar wannan hanyar, na ba wanda ya maye gurbinsa. Da na ji shiru daga gare ki na ɗauka ke ce kika yanke ni. Kuma ban tambaye ki a waya ba don kada in ji kin ce e.

Amsar tambayarki: a'a. Ba iskar ba ce. Ba lallashinki nake ba, abin da zan faɗa a gaban kowane likita ke nan. Kwafin da kika aiko ya nuna ciwon ya riga ya kama kaluluwar hammata da yawa, kuma irin mai saurin yaɗuwa ne. Tun kafin a kwantar da ita a teburin nan, wataƙila ƙwayoyin sun riga sun yi nisa, sun yi ƙanƙanta ne hoto bai gan su ba. Da na jijiya aka yi mata, da ni kaina na yi, abin da muke gani yau shi za mu gani. Dattijon nan ya yi daidai. Na'urar da ke tsayawa tsakiyar aiki tana iya sa mutum ya farka ana yanka shi.

Layin da ya tsaya miki, abin da nake nufi shi ne a nan inda nake, da kayan da na saba da su, hannuna ya fi zama a kan na jijiya, kuma masu farkawa daga gare shi ba su cika amai ba. Ban ce ke ba ki isa ba. Ki sake dubawa, layin da ke bin sa cewa na yi ku bi abin da ya ce.

Kina ganin ni ce 'yar gata. Bari in gaya miki yadda abin yake daga nan. Inna tana yabona kamar yadda ake yabon baƙo. Ba ta taɓa zagina ba tun da aka kawo ni gidanku. Ke tana zaginki tun daga ƙofa har asibiti, kin rubuto min kamar ƙorafi, ni kuwa na karanta ina jin da ma ni ce. Ciwonta a bakinki nake ji. Idan muna waya zafi ya taso mata, sai ta ce “sai anjima 'yata”, kafin ta kashe in ji tana ƙwala miki kira. Na sa ɗaruruwan mutane barci na tashe su, amma matar da ta yi min tarbiyya ba ta taɓa bari na ga tana ciwo ba.

An kawo mana sabon likita, an ba ni hutu. Ina zuwa. Ki tara min Kawu da matarsa, a gabansu zan faɗa.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa lafiya, ya gajiyar hanya? Yara suna ta cigiyarki. Kin bar gilashinki a kan taga, na ajiye. Inna tana nan yadda kika bar ta, sabon maganin zafin yana kama ta, tana samun barci, amma abinci sai da rarrashi.

Na gode da abin da kika yi. Kin tsaya tsakiyar falo kin faɗa musu tiryan-tiryan, har matar Kawu ta rasa inda za ta sa idonta. Amma kin ji abin da Inna ta ce da kika gama: “Kun ji ko? Rufa wa Yayarta asiri take yi. Yarinyar nan zuciyarta fara ce.” Gaskiyar da kika zo ki wanke ni da ita, ita ma ta zama lambar yabonki. Na shiga kicin na yi dariya har na yi kuka.

Na kuma ga fuskarki ranar da kika ɗauko kwano da tawul za ki goge mata jiki, ta ja mayafi har wuya ta ce ki je ki huta, ki turo mata Yayarki. Kin miƙo min kwanon. Ban ji tausayinki ba a lokacin, daɗi na ji.

Bayan tafiyarki ina yi mata wanka, ta sunkuya ina cuɗa mata baya, sai ta ce, “Kin daina yi min magana.” Na ce me zan ce, tunda ni na dawo mata da ciwo. Ta ce, “Ke dai sakarya ce. Na san ba iskar ba ce. Likitan fiɗa ya gaya min tun ina kwance a can cewa abin ya shiga hammata, zai iya dawowa.”

Soso ya faɗi daga hannuna. Na ce, “To Inna, me ya sa kike faɗa wa mutane haka?”

Ta ce, “Ita tana can nesa, ba uwa ba uba. Duk karatun nan da ta yi, ciwo ya zo min bai yi min amfanin komai ba. Idan ban nuna mata maganarta ce da ta cece ni ba, da me za ta riƙe ni? Ke kuwa kina nan. Ke tawa ce, ina za ki?”

Na ce, “Ni kuma sunana da ya ɓaci a dangi fa? Ni wa ya ba ni abin riƙewa?”

Na ɗauka za ta ba ni haƙuri. Sai ta ce ruwan ya huce, in ƙaro na zafi.

Ta ce kada in gaya miki. Na yi ta juya abin a raina, ga shi na rubuto. Rabi don haƙƙinki ne ki sani. Rabi kuma, Allah ya yafe min, don ina so ke ma ki ji yadda yake.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, na koma aiki. Ki gaida kowa.

Na ji yadda yake. Ya yi zafi kamar yadda kika so, ya ma fi. Na karanta kafin in shiga wani aiki, sai da na roƙi abokin aikina ya karɓe ni, don ba a riƙe numfashin mutum da ido cike da hawaye.

Amma ban yi fushi da ke ba. Wannan ne karo na farko da wani a gidan nan ya ba ni abu bai tace min ba.

Kada ki gaya mata na sani. Idan na kira zan bar ta ta yabe ni, in ce na gode, tunda abin da take da shi na ba ni ke nan. Kawu kuwa na kira shi, na ce duk wanda ya sake ɗora miki wannan magana ya sani ni yake ƙaryatawa.

Maganin zafin kada ki jira sai ta yi kuka, ki ba ta a kan lokacinsa. Zai ɗaure mata ciki, ki nemi na sassautawa tun yanzu. Idan ƙafafunta suka fara nauyi ko fitsari ya ƙi fita, ki kai ta asibiti nan take, ki kira ni ko ina tsakiyar aiki.

Na rubuta takardar neman a mai da ni asibitin da ke kusa da ku. Ban sani ba ko za a amince kafin lokaci ya ƙure. Idan na zo, na san ba za ta bari in taɓa ta ba. Ke ki yi mata wankan. Ni zan tsaya a bakin ƙofa in riƙa dafa miki ruwan.

Ƙanwarki.